Haɗaɗɗen Maganin Ciwon Sukari na Sha da Amfani da Shi a Arewacin Zamfara

Haɗaɗɗen maganin ciwon sukari na sha ƙwaya ce guda da aka zuba sinadarai biyu masu rage sukarin jini a cikinta, wani sa'in uku, kowanne bisa awon da kamfani ya ƙayyade tun a masana'anta. Likitoci kan ba da shi ga manya masu nau'i na biyu na ciwon sukari, wato waɗanda jikinsu yake samar da insulin amma bai wadatar ba, ko kuwa hanta da tsoka suka daina amsa masa yadda ya kamata. Ba a ba da shi ga mai nau'i na ɗaya, wanda rayuwarsa ta dogara ga allurar insulin. A mafi yawan waɗannan ƙwayoyi sinadari na farko metformin ne. Na biyun ne yake bambanta, kuma shi ne yake fayyace irin haɗarin da ke tattare da ƙwayar. A Najeriya, har da ƙananan hukumomin Ƙauran Namoda, Shinkafi da Zurmi na arewacin Jihar Zamfara, haɗin da aka fi sani shi ne na metformin da glibenclamide, sai kuma na metformin da glimepiride.

Asali

Tarihin metformin ya faro ne daga wani tsiro na Turai, Galega officinalis, wanda masu maganin gargajiya na can suka daɗe suna bai wa mai yawan fitsari da ƙishirwa. A 1918 aka gano cewa guanidine, sinadarin da danginsa suke cikin tsiron, yana rage sukarin jinin dabbobi, sai dai yana da guba. A 1922 Emil Werner da James Bell suka harhaɗa metformin a Dublin, amma insulin da aka gano a Toronto a 1921 ya ɗauke hankalin likitoci, aka yi watsi da shi shekaru da dama. Likitan Faransa Jean Sterne ne ya farfaɗo da shi, ya wallafa sakamakon gwajinsa a 1957, maganin ya shiga kasuwa da sunan Glucophage. Ɗan'uwansa phenformin ya ɓata wa dangin suna, domin ya riƙa haddasa taruwar sinadarin laktik a jini har ta kai ga kisa, ƙasashe da yawa suka janye shi a ƙarshen shekarun 1970. Saboda wannan tsoro Amurka ba ta amince da metformin ba sai a ƙarshen 1994. A 1998 babban binciken nan na Birtaniya da aka fi sani da UKPDS ya nuna cewa masu ƙiba da aka ɗora a kan metformin sun samu raguwar kamuwa da bugun zuciya da mace-mace, daga nan ya zama maganin da ake farawa da shi.

Dangin sulfonylurea, wanda glibenclamide da glimepiride da gliclazide suke ciki, ya bayyana haɗarinsa ne tun kafin a san amfaninsa. A 1942, a birnin Montpellier na Faransa, likita Marcel Janbon yana gwada wani sabon magani a kan masu zazzaɓin taifod, sai waɗansu daga cikinsu suka riƙa jijjiga suna suma, waɗansu suka rasu. Da aka bincika aka tarar sukarin jininsu ne ya faɗi ƙasa warwas. Abokin aikinsa Auguste Loubatières ya bi diddigin lamarin a kan dabbobi, ya tabbatar cewa maganin yana tilasta wa fankiriyas, gaɓar da ke kwance a bayan tumbi, ta fitar da insulin. Tolbutamide ya shiga kasuwa a 1956 a Jamus, glibenclamide a 1969, glimepiride kuwa a 1995.

Dalilin haɗa magani biyu ya fito ne daga ɗabi'ar cutar, wadda take ƙara ƙarfi da tafiyar shekaru. Alƙaluman UKPDS sun nuna cewa bayan shekara 3 kusan rabin masu shan magani guda ne kawai sukarinsu yake inda ake so, bayan shekara 9 kuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu. A 2000 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da Glucovance, haɗin glibenclamide da metformin. Haɗin pioglitazone da metformin ya biyo baya a 2005, Janumet mai sitagliptin a 2007, haka ma haɗin vildagliptin da metformin a Turai a wannan shekarar. Haɗin metformin da dapagliflozin ya zo a 2014, na empagliflozin a 2015.

Siffa da aiki

Metformin yana hana hanta yawan zuba sukari cikin jini, yana kuma taimaka wa tsoka ta amsa wa insulin. Ba ya matsa wa fankiriyas, saboda haka shi kaɗai da wuya ya faɗar da sukari ƙasa da ƙima. Glibenclamide da 'yan'uwansa kuwa suna sa a fitar da insulin ko mutum ya ci abinci ko bai ci ba. Sitagliptin da vildagliptin suna ƙara insulin ne kawai idan sukari ya hau bayan cin abinci. Dapagliflozin da empagliflozin suna sa ƙoda ta zubar da sukari ta fitsari, pioglitazone kuma yana ƙara wa tsoka da kitse karɓar insulin.

A jikin kwali da bayan katin magani akan buga lambobi biyu da karan tsaye a tsakaninsu, kamar 500/5 ko 500/2.5. Babbar lambar miligiram na metformin ce, ƙaramar kuwa ta glibenclamide, ko da yake waɗansu kamfanoni kan fara da ƙaramar. Haɗin glimepiride yakan zo da miligiram 1 ko 2 a kan 500, na sitagliptin da vildagliptin kuwa 50 a kan 500, 850 ko 1,000. Ƙaramar lambar ce ta fi cancantar a duba. Bambancin 2.5 da 5 ninki biyu ne na sinadarin da ke faɗar da sukari, alhali ƙwayoyin biyu suna iya yin kama a girma da launi, kwalayen ma ba su bambanta ba sai a ɗan rubutun da ke gefe. Iyakar metformin a yini tana tsakanin miligiram 2,000 da 2,550 a mafi yawan ƙa'idoji, ta glibenclamide kuwa 15 a Birtaniya, 20 a Amurka. Ƙwayoyin da aka rubuta wa XR ko SR suna narkewa ne sannu a hankali cikin hanji, don haka ba a tauna su, ba a daka su, kuma ɓawonsu yana iya fitowa a bayan gida ba tare da hakan ya nuna maganin bai yi aiki ba.

Fa'idar haɗin a bayyane take: ƙwaya ɗaya ta fi biyu sauƙin tunawa, kwali ɗaya ya fi biyu sauƙin saye. Naƙasunsa yana cikin wannan fa'idar. Sinadaran biyu kamar shanun huɗa ne a karkiya ɗaya, ba a iya tsayar da ɗaya a bar ɗayan yana tafiya. Duk wanda ya ƙara ƙwaya don ya ƙara metformin ya ƙara glibenclamide, wanda ya rage don gudun faɗuwar sukari kuma ya rage metformin. Shi ya sa likitoci da yawa suka fi son a fara da magungunan a rarrabe, a gano awon da ya dace da majinyaci, sannan a mayar da shi kan haɗaɗɗiyar ƙwaya mai wannan awon.

Faɗuwar sukari

Babban haɗarin haɗin da ke ɗauke da sulfonylurea shi ne faɗuwar sukari, wato ya yi ƙasa da milimol 3.9 a lita, daidai da miligiram 70 a desilita. An ƙera ƙwayar ne bisa zaton cewa abinci zai biyo ta nan take, kuma za a ci na gaba a kan lokaci. Wannan zato ba kullum yake tabbata ba a ƙasar noma. Manomin da ya haɗiyi ƙwayarsa bayan sallar Asuba, ya saɓi fartanya ya nufi gona da nufin a kai masa fura da hantsi, ya haɗa abu uku masu rage sukari: magani, yunwa da aikin ƙarfi. Alamun farko su ne gumi mai sanyi, rawar hannu, bugawar ƙirji da yunwa mai tsanani. Idan abin ya yi nisa sai magana ta sarƙe, mutum ya riƙa faɗa ba dalili ko ya kasa gane 'ya'yansa, daga nan sai jijjiga da suma. A wannan mataki dangi sukan ɗauka iska ce ko shanyewar ɓarin jiki, lokacin da ya kamata a ba da sukari ya tafi wajen neman wani abu dabam.

Maganin gaggawa ga wanda yake cikin hayyacinsa shi ne giram 15 na sukari: ƙaramin cokali uku zuwa huɗu a narka a ruwa, ko babban cokali ɗaya na zuma, ko rabin kwalbar lemo mai sukari. Bayan minti 15 a sake gwaji, a maimaita idan bai tashi ba, sannan a bi da abinci mai riƙe ciki kamar tuwo ko fura. Wanda ya suma ba a ɗura masa komai a baki, domin yana iya shaƙewa. Kwantar da shi ake yi ta gefe a garzaya asibiti, a sa masa gulukos ta jijiya. Glibenclamide yana daɗewa a jiki, sukari yana iya sake faɗuwa bayan an farfaɗo har tsawon yini guda ko fiye, saboda haka farfaɗowa ba dalilin sallama ba ce nan take. Tsofaffi da masu raunin ƙoda ne suka fi shiga wannan hali. Tun 2013 jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya ya fifita gliclazide, ya kuma bayyana cewa glibenclamide bai dace da wanda ya haura shekara 60 ba.

Wata hanyar faɗuwar sukari ita ce ninka magani ba da sani ba. Majinyacin da ya saba shan Glucophage da Daonil, wato metformin da glibenclamide, a rarrabe, aka sauya masa zuwa haɗaɗɗiyar ƙwaya ba tare da an ce ya ajiye na dā ba, yakan haɗa duka ukun ya sha. Haka nan sinadari ɗaya yana zuwa da sunayen kamfanoni barkatai, mutum ya sayi kwali biyu masu suna dabam yana zaton magani biyu ne. Rigakafin wannan shi ne a kwashi duk magungunan da ke gida, har da na gargajiya, a kai wa likita ko masanin harhaɗa magunguna a kowace ziyara. Wanda ya manta bai sha ba ba ya ninka na gaba.

Ƙoda, rashin ruwa da sauran magunguna

Ƙoda ce take fitar da metformin daga jiki. Idan ta raunana sai ya taru, ya iya jawo taruwar laktik a jini, abin da ba kasafai yake faruwa ba amma yakan yi kisa idan ya faru. Ana auna ƙarfin ƙoda da gwajin jini da ake kira eGFR. Idan sakamakon ya faɗo tsakanin 30 da 45 ana rage metformin zuwa abin da bai wuce miligiram 1,000 a yini ba, idan ya gaza 30 ana dakatar da shi gaba ɗaya. Ana son a yi wannan gwaji kafin a fara maganin, sannan aƙalla sau ɗaya a shekara. Lafiyayyar ƙoda ma tana iya raunana cikin kwana ɗaya idan ruwan jiki ya ƙare, kamar lokacin amai da gudawa da damina kan zo da shi, ko zazzaɓi mai zafi da ya hana ci da sha. A irin waɗannan ranaku ƙa'ida ita ce a dakatar da ƙwayar, a yawaita shan ruwa da ruwan gishiri da sukari, a nemi ma'aikacin lafiya. Haka ake yi kafin babbar tiyata, da kuma lokacin hoton da ake sa ruwan aidin ta jijiya ga mai raunin ƙoda, inda akan jira awa 48 kafin a koma. Tashin zuciya da gudawa da ɗanɗanon ƙarfe a baki da sababbin masu shan metformin suke kuka da su sukan lafa cikin makonni, musamman idan ana sha a tsakiyar cin abinci. Shan sa shekaru da yawa yana iya rage bitamin B12, wanda ƙarancinsa yake kawo ƙarancin jini da jin dindiris a tafin ƙafa.

Magungunan da aka fi sha a yankin suna da tasiri a kan haɗin. Kwinin da ake ba mai zazzaɓin cizon sauro yana faɗar da sukari da kansa, zazzaɓin mai tsanani ma haka. Co-trimoxazole, wanda aka fi sani da Septrin, da fluconazole da ciprofloxacin suna ƙara wa sulfonylurea ƙarfi. Rifampicin na masu tarin fuka yana rage masa ƙarfi, sai sukari ya hau lokacin jinya, ya kuma iya faɗuwa idan an gama ba a gyara awo ba. Dexamethasone da prednisolone, waɗanda ake sha ba bisa ƙa'ida ba don ciwon gaɓoɓi ko neman ƙiba, suna tayar da sukari ƙwarai. Diclofenac da ibuprofen da manoma da 'yan dako suke yawan sha don ciwon jiki suna gajiyar da ƙoda. Dolutegravir, wanda ke cikin maganin da ake bai wa masu cuta mai karya garkuwar jiki a Najeriya, yana ƙara yawan metformin a jini, don haka akan taƙaita shi zuwa miligiram 1,000 a yini. Shuwaka da zogale da hulba da ganyen darbejiya da ake jiƙawa don ciwon sukari ba su da tsayayyen awo, kuma haɗa su da ƙwaya a ɓoye yana hana likita gane abin da yake motsa sakamakon gwaji.

Sauran haɗe-haɗen kowanne da nasa sharaɗi. Ba a ba mai raunin zuciya pioglitazone, domin yana tara ruwa a jiki. Vildagliptin yana bukatar gwajin hanta. Masu sa zubar da sukari ta fitsari suna kawo ƙaiƙayin gaba da ƙarancin ruwa, kuma akan dakatar da su idan mutum ya kwanta ciwo. Mace mai shan kowane irin haɗi, idan ta samu juna biyu ko tana nema, likita ne zai sauya mata tsari, galibi zuwa insulin ko metformin shi kaɗai.

Azumi

Mazauna Ƙauran Namoda, Shinkafi da Zurmi kusan dukkansu Musulmi ne, azumin watan Ramalana kuwa yana kaiwa awa 13 zuwa 14 a wannan yanki. Daga 2020 zuwa 2024 ya faɗo tsakanin Maris da Mayu, tsakiyar bazara, lokacin da zafi kan haura digiri 40. Binciken EPIDIAR da aka gudanar a ƙasashe 13 a 2001, aka wallafa a 2004, ya gano cewa kashi 79 cikin 100 na masu nau'i na biyu sun yi azumin aƙalla kwana 15, kuma faɗuwar sukari mai tsanani ta ninka sau 7.5 a cikin watan. Ƙa'idojin da Tarayyar Ƙungiyoyin Ciwon Sukari ta Duniya ta fitar tare da ƙawancen likitoci masu nazarin ciwon sukari da azumi a 2016, aka sabunta a 2021, sun ba da shawarar a guji glibenclamide a watan. Mai shan sulfonylurea sau ɗaya a yini yana mayar da shi lokacin buɗa-baki, mai sha sau biyu kuwa akan rage masa na sahur zuwa rabi. A nan ne naƙasun haɗaɗɗiyar ƙwaya yake fitowa sarari, domin ba ta ba da damar rage ɓangare ɗaya, sai dai likita ya raba magungunan na tsawon watan. Wannan shiri tun a Rajab ko farkon Sha'aban ya kamata a yi shi. Ƙa'idojin sun ce a karya azumi idan sukari ya gaza miligiram 70 ko ya haura 300, ko alamun faɗuwarsa suka bayyana, ko da saura kaɗan a sha ruwa. Malaman da suka yi aiki da likitocin sun tafi a kan cewa tsira ɗan yatsa don gwaji ba ya karya azumi, rangwamen da aka yi wa marar lafiya kuwa yana cikin aya ta 184 da ta 185 na Suratul Baƙara.

Yaɗuwa

A ƙiyasin Tarayyar Ƙungiyoyin Ciwon Sukari ta Duniya na 2021, manya miliyan 537 ne suke da cutar a duniya, miliyan 24 a yankin Afirka, kimanin miliyan 3.6 a Najeriya, kuma fiye da rabin na Afirka ba su san suna da ita ba. Nazarin da Andrew Uloko na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da abokan aikinsa suka wallafa a 2018 ya ƙiyasta kashi 5.77 cikin 100 ga ƙasar baki ɗaya, da kashi 3.0 ga shiyyar arewa maso yamma, mafi ƙanƙanta a cikin shiyyoyi shida. Ƙanƙantar wannan adadi ba ta rage nauyin jinya ga wanda cutar ta kama a wurin da asibiti yake nesa.

An ƙirƙiri Jihar Zamfara daga Jihar Sakkwato ranar 1 ga Oktoba, 1996, da ƙananan hukumomi 14. Ƙidayar 2006 ta ba Ƙauran Namoda, Shinkafi da Zurmi jimillar mutane sama da 700,000. Ƙauran Namoda, inda layin dogo daga Zariya ya tsaya a 1929 kuma aka kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a 1983, ita ce mahaɗar hanyoyin da suka nufi Shinkafi da Zurmi daga Gusau. Kowane ɗaya daga cikin garuruwan uku yana da babban asibitin gwamnatin jiha. Ƙungiyar likitocin nan ta Médecins Sans Frontières tana aiki a asibitocin Shinkafi da Zurmi, ko da yake ƙarfin aikinta ya fi karkata ga ƙananan yara da tamowa. Majinyacin da ciwonsa ya rikice akan tura shi Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura a Gusau, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

A dokar Najeriya maganin ciwon sukari yana cikin waɗanda ba a sayarwa sai da takardar likita, kuma lasisin masu ƙananan kemis bai ba su izinin sayar da shi ba. A aikace kemis ne wurin da ya fi kusa da ɗan ƙauye, inda yakan je da tsohon kati ya ce a ba shi irinsa, a yanka masa na kwana uku ko na mako gwargwadon kuɗinsa. Yanka kati da almakashi yakan tafi da sunan magani da awonsa da ranar lalacewarsa, a bar mutum da ƙwayoyin da ba shi da hanyar tantance su. Kaya mai yawa yana biyowa ne ta Kano, inda a Fabrairun 2024 hukumomi suka rufe shagunan magani na kasuwar Sabon Gari don mayar da dillalai cibiyar sari ta Dangwauro. Mafi yawan haɗaɗɗun ƙwayoyi masu araha daga Indiya ake shigo da su, sai waɗanda kamfanonin cikin gida suke yi.

Jabun magani tsohuwar matsala ce a wannan fanni. An kafa hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta NAFDAC a 1993, kuma Dora Akunyili, wadda ta shugabance ta daga 2001 zuwa 2008, ta sha bayyana cewa jabun insulin ne ya yi ajalin 'yar'uwarta a 1988. Tsarin da ake kankare wani ɗan fili a jikin kwali a aika lambar da ke ƙarƙashi ta saƙon waya don tantance sahihancin magani, a kan Glucophage aka fara gwada shi a 2010. Tsarin ya dogara ga layin sadarwa, wanda aka katse a faɗin Zamfara a Satumban 2021 saboda matsalar 'yan bindiga, a daidai lokacin da gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako. Rashin tsaro a hanyoyin Zurmi da Shinkafi yana shafar mai ciwon sukari ta fuska uku: magani ya yanke, ranar ganin likita ta wuce, abinci kuma ya daina zuwa a kan lokaci ga wanda aka raba da gonarsa. Na ƙarshen nan ne ya fi haɗari ga mai shan glibenclamide, domin wanda ya koma cin abinci sau ɗaya a yini yana ci gaba da awon da aka yanka masa lokacin yana ci sau uku. Tsada ta ƙaru bayan sakin darajar naira a Yunin 2023, shekarar da kamfanonin magani na GSK da Sanofi suka sanar da daina gudanar da kasuwancinsu kai tsaye a Najeriya. Ajiya ma tana da nata sharaɗi: kwalayen sukan ce a ajiye ƙasa da digiri 30 ko 25, abin da ɗakin kwano ba ya cikawa a watan Afrilu, don haka ba a barin magani a taga ko aljihun babur, ba a kuma ɓare ƙwaya daga katinta sai za a sha.

Muhimmanci

Ana tabbatar da ciwon sukari idan gwajin safe kafin karin kumallo ya kai milimol 7.0, wato miligiram 126, ko gwajin HbA1c ya kai kashi 6.5. Burin jinya ga mafi yawan manya shi ne HbA1c ya tsaya kusa da kashi 7, ana sassautawa ga tsofaffi da waɗanda sukarinsu yake yawan faɗuwa. Wannan gwaji yana nuna matsakaicin sukari na wata biyu zuwa uku, amma yana iya ba da sakamako marar inganci ga mai sikila ko ƙarancin jini, kuma dukkansu biyu ba baƙi ba ne a ƙasar Hausa. A nan gwajin ɗan yatsa da ake rubutawa a littafi, da kwanan wata da lokaci, ya fi zama abin dogaro.

A ƙa'idojinta na 2018 don wuraren da ba su da wadatar kayan aiki, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ƙara sulfonylurea a kan metformin idan shi kaɗai ya gaza, saboda arha da tabbacin aikinsa. A 2021 ta shigar da empagliflozin cikin jerin muhimman magunguna, bayan bincike ya nuna yana kare zuciya da ƙoda, sai dai farashinsa ya fi ƙarfin mafi yawan manoman Zamfara. Riƙe sukari a inda ya dace yana rage makanta, lalacewar ƙoda da gyambon ƙafa da ke kaiwa ga yankewa, amma ƙwayar ba ta warkar da cutar, ba ta kuma maye gurbin rage zaƙi a kunu da shayi, ko maganin hawan jini da yawancin masu ciwon sukari suke bukata tare da ita.

Idan an kai iyakar awon haɗin sukari bai sauka ba, ko majinyaci yana ramewa da yawan fitsari da ƙishirwa, matakin da ke gaba shi ne insulin, galibi tare da ci gaba da metformin a ajiye sulfonylurea ko a rage shi. Rashin firiji ya daɗe yana hana ɗaukar wannan mataki a karkara. Binciken da Médecins Sans Frontières da Jami'ar Geneva suka wallafa a 2021, bisa yanayin zafin sansanin 'yan gudun hijira na Dagahaley a arewacin Kenya, ya nuna cewa kwalbar insulin da aka buɗe tana riƙe ƙarfinta har mako huɗu a zafin da ke kai-komo tsakanin digiri 25 da 37.